BABI NA UKU: ZAƁEN ƘASAR DASHEN MURTSUNGUWA DA SAURAN TSIRRAI MASU AJIYAR RUWA A CIKIN TUKUNYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ire-iren tsirran da ke ajiye ruwa a jikinsu, tare da amfanin da Bahaushe yake yi da su ta fuskar magani da shinge da kuma ƙawata gida. A wannan babi kuwa, za a mayar da hankali ne a kan irin ƙasar da ta dace a dasa su a cikinta idan aka raba su da daji aka kawo su gida cikin tukunya ko kasko. Dalilin keɓe wa wannan batu babi guda shi ne, galibin irin waɗannan tsirrai da ke mutuwa a hannun masu reno ba ƙishirwa ke kashe su ba. Ruɓewar saiwa ce ke kashe su, ita kuwa ruɓewar saiwa tana samo asali ne daga ƙasar da ke riƙe ruwa fiye da kima. Saboda haka babin zai dubi yanayin saiwar tsirran, da bambancin gona da tukunya, da kayan da ake haɗa ƙasar da su, da awon haɗin, sannan da hanyoyin gwada ƙasar kafin a yi dashe.

3.1 Tsirran da ake Magana a Kansu

Abin da ake nufi da tsirrai masu ajiyar ruwa a wannan nazari shi ne duk tsiron da ke tara ruwa a ganyensa ko kararsa ko gindinsa, domin ya rayu da shi a lokacin fari. A ƙasar Hausa da kewayenta akwai zabo, wanda wasu ke kira kabar giwa, ɗan'uwan alobera da ake renonta a gidaje. Akwai tinya da ƙerana da aguwa, waɗanda duk dangin Euphorbia ne. Akwai kariya, wato Adenium obesum, da karan masallaci, wato Caralluma dalzielii, da kuma moda. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa a littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary na shekarar 1916, kuma da sunansa ne aka raɗa wa karan masallaci sunansa na kimiyya.

Ita kuwa murtsunguwa ta ainihi, wadda masana ke kira kaktus, baƙuwa ce a wannan yanki. Danginta sun haura iri 1,500, kuma asalinsu nahiyar Amurka ne, musamman ƙasar Meziko da wasu sassan Amurka ta Kudu, in ban da iri ɗaya mai suna Rhipsalis baccifera da ake samu a dazuzzukan Afirka tun asali. Kamannin da ke tsakanin ƙerana da murtsunguwa sun sa mutane da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya, har Turawa kan kira shingen ƙerana da ke kewaye ƙauyukan tsaunin Jos da sunan kaktus. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce, idan aka yanki ƙerana ko tinya sai farin ruwa mai kama da nono ya fito, wanda dafi ne, galibin murtsunguwa kuwa ba su da shi. Duk da wannan bambanci na dangi, bukatarsu ta fuskar ƙasa kusan ɗaya ce, shi ya sa aka haɗa su a babi guda.

3.2 Yanayin Saiwa da Mazauninsu na Asali

Hausawa kan ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka abin yake ga tsiro, domin wanda yake son sanin ƙasar da ta dace da shi sai ya dubi inda Allah ya tsirar da shi a daji. Tinya da karan masallaci a kan duwatsu da tsagar fā ake yawan samunsu, inda ƙasar ba ta da zurfi, kuma ruwan sama ke gangarewa da zarar ya sauka. Kariya tana son fako da wuri mai tsakuwa. Aguwa kuwa jigawa ce mazauninta, shi ya sa ake shinge da ita a Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar, har ma ana kafa ta don tare rairayin hamada. Abin da ya haɗa waɗannan wurare duka shi ne ruwa ba ya kwana a cikinsu.

Saiwar galibin waɗannan tsirrai ba ta nutsawa ƙasa sosai. Takan bazu ne a kusa da doron ƙasa domin ta tsotse ruwan sama cikin hanzari kafin ya ƙafe, sannan ta zauna a bushe na tsawon lokaci ba tare da ta cutu ba. Haka kuma, da yawa daga cikinsu, kamar murtsunguwa da zabo da moda, sukan rufe ƙananan ƙofofin numfashin da ke jikinsu da rana, su buɗe su da dare lokacin da zafi ya ragu. Wannan dabara takan rage ruwan da ke fita daga jikinsu ƙwarai. To amma tana da wani sakamako ga mai reno a tukunya. Tsiro kamar tumatir ko alayyafo yakan zuƙe ruwan tukunya da kansa a cikin yini ɗaya ko biyu, amma murtsunguwa ba ta zuƙar ruwa haka. Ke nan idan ƙasar ba ta saki ruwan da kanta ba, haka zai zauna a jikin saiwa har kwanaki.

Saiwa tana numfashi kamar kowane abu mai rai, kuma iskar da take shaƙa tana zaune ne a cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika waɗannan ramuka ya daɗe, sai saiwar ta shaƙe ta fara mutuwa. Daga nan sai ƙwayoyin cuta dangin funfuna, irin su Pythium da Phytophthora da Fusarium, su samu ƙofar shiga. Da yake jikin tsiron cike yake da ruwa, ruɓewar takan hau daga saiwa zuwa gindi cikin sauri. Wani abin lura kuma shi ne, tsiron da saiwarsa ta ruɓe ba ya iya shan ruwa, don haka sai ya yanƙwane kamar mai jin ƙishirwa. Mai shi kuma da ya ga haka sai ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi da hannunsa bisa kyakkyawar niyya.

3.3 Ƙasa Mai Kyau a Wurin Manomi

Bahaushe manomi ne, kuma yana da sunaye da dama na ƙasa, kamar jigawa da laka da yumɓu da dabaro da marmara da fako da turɓaya. A wurinsa ƙasa mai kyau ita ce baƙar ƙasa mai taki, mai riƙe danshi, irin ta fadama ko ta tsohon juji. Wannan fahimta daidai ce ga dawa da masara da kayan lambu. Fako da marmara kuwa ƙasa ce ta banza a idonsa, wadda ba a ɓata iri a kanta.

Matsalar takan taso ne idan aka ɗauki wannan ma'auni aka ɗora shi a kan tsirrai masu ajiyar ruwa. Mutum yakan sayi murtsunguwa da kuɗinsa, ko ya samo kariya daga daji da wahala, sai ya nemo mata ƙasar fadama ya cuɗa da kashin shanu, yana ganin ya yi mata gata. Masu sayar da furanni a bakin titunan manyan birane su ma sukan zuba ƙasa iri ɗaya a cikin baƙar leda ga kowane tsiro, da mai son ruwa da wanda ba ya so. Tsiron yakan yi kyau a watannin rani, sai damina ta kankama a wayi gari gindinsa ya yi laushi ya faɗi. Mai wannan nazari ma ya taɓa asarar wata kariya da ya rena shekara biyu ta wannan hanya, kuma ko da aka tone ta sai aka tarar ƙasar da ke gindin tukunyar ta zama taɓo mai wari, alhali samanta a bushe yake.

Masana kimiyyar ƙasa sun karkasa ƙwayoyin ƙasa bisa girmansu. A tsarin da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ke bi, ƙwayar laka ba ta kai milimita 0.002 ba. Daga 0.002 zuwa 0.05 ita ce ƙasa mai laushi kamar gari, irin wadda ambaliya ke barinta. Daga 0.05 zuwa milimita 2 yashi ne, abin da ya haura milimita 2 kuma tsakuwa ce. Muhimmancin wannan rabo shi ne, gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya, gwargwadon ƙanƙantar ramukan da ke tsakani, kuma ƙaramin rami ya fi riƙe ruwa ya hana iska shiga. Manyan ƙwayoyi kuwa sukan bar manyan ramuka, waɗanda ruwa ke zurarewa ta cikinsu iska ta maye gurbinsa. Don haka ma'aunin ƙasa mai kyau ga waɗannan tsirrai shi ne saurin fitar ruwa da shigar iska. Ƙarfin taki yana zuwa ne a baya.

3.4 Bambancin Gona da Tukunya

Wani zai iya tambaya cewa, tun da aguwa tana rayuwa lafiya a jigawa, me zai hana a ɗebo jigawar a zuba a tukunya? Amsa ita ce, ƙasa takan sauya ɗabi'a idan aka tsare ta a cikin mazubi. A gona, ƙasar da ke can ƙasa takan riƙa janye ruwa daga ta sama har zuwa zurfin da saiwa ba ta kaiwa. A tukunya kuwa ƙasar ta yanke a gindi, babu abin da zai ja ruwan, saboda haka ko da akwai huda, wani ruwan yakan maƙale a sashen ƙasa na tukunyar ya ƙi fita.

Ana iya ganin wannan da soson katifa. Idan aka jiƙa shi aka ɗaga shi a tsaye har ya daina ɗiga, za a tarar samansa ya tsane amma gindinsa yana nan sharkaf. Tsawon wannan jiƙaƙƙen sashe ya danganta ne da girman ƙwayoyin ƙasar. A ƙasa mai laushi yakan yi tsawo, a ƙasa mai tsakuwa kuwa ɗan kaɗan ne. Wannan ne ya sa rairayi mai laushi, wanda ba ya riƙe ruwa a gona, yake iya zama jiƙe a gajeriyar tukunya.

A nan ya kamata a gyara wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu reno, wato shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya sannan a zuba ƙasa mai laushi a kai, da nufin ruwa ya riƙa wucewa. Ruwa ba ya tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe iyakar jiƙewa. Abin da shimfiɗar ke yi kawai shi ne ta ɗaga jiƙaƙƙen sashen nan sama, ta matso da shi kusa da saiwa. Abin da ya dace shi ne a cuɗa tsakuwar da ƙasar gaba ɗaya tun daga sama har ƙasa, sannan a ɗora ɗan tsingaro ko guntun raga a kan hudar don kada ƙasa ta zube.

3.5 Kayan Haɗa Ƙasa

Kayan da ake haɗa ƙasar dashe sun kasu gida biyu. Akwai na dutse, waɗanda aikinsu shi ne buɗe ƙasa, akwai kuma na taki, waɗanda ke riƙe ɗan danshi da abincin tsiro.

3.5.1 Kayan Dutse

(i) Yashin kogi mai gautsi, wato irin wanda magina ke zaɓa don buga bulo. Ana tankaɗe shi a zubar da mai laushin, a riƙe mai manyan ƙwayoyi, sannan a wanke shi. Rairayi mai laushi da turɓaya ba su dace ba, domin idan suka haɗu da laka suka bushe sukan daskare kamar tubali.

(ii) Tsakuwar marmara. Wannan ita ce mafi sauƙin samu a yawancin ƙasar Hausa. Tana da ƙananan ƙofofi a jikinta da ke riƙe ɗan danshi ba tare da ta cushe ƙasa ba. Ana zaɓar wadda girmanta ya kama daga ƙwayar dawa zuwa ƙwayar wake, wato kimanin milimita 3 zuwa 6. Wajibi ne a wanke jan garin da ke jikinta, domin shi ne ke toshe ramukan iska.

(iii) Tsingaro da gasasshen jan bulo. Fasasshiyar tukunya ko randa da aka daddaka aka tankaɗe tana daga cikin kayan da suka fi kyau, domin yumɓun da aka gasa ba ya komawa taɓo, kuma yana shan ruwa kaɗan ya sake shi a hankali.

(iv) Ɓarzajjen dutse da ake samu wurin masu fasa dutse. Ba ya riƙe ruwa ko kaɗan, yana kuma ƙara wa tukunya nauyi, abin da ke da amfani ga dogon tsiro kamar ƙerana don kada iska ta kayar da shi.

(v) Gawayi. Duk da cewa daga itace yake, aikinsa irin na dutse ne domin ba ya ruɓewa da wuri. Ana farfasa shi a tankaɗe garin a zubar. Ba a son ya wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗin.

3.5.2 Kayan Taki

Abin da ya fi dacewa a nan shi ne ruɓaɓɓen ganyen da ake samu a ƙarƙashin manyan itatuwa, ko takin gargajiya da ya shekara har ya koma baƙar ƙasa marar wari, ko kuma ƙasar saman gona mai jigawa-jigawa. Ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba shi ma yana taimakawa wajen sassauta ƙasa. Da yake ƙasar gona da taki suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, yana da kyau a yayyafa musu ruwa a ƙulle su a cikin farar leda a ajiye a rana na makonni huɗu zuwa shida a lokacin bazara, domin zafi ya rage su.

3.5.3 Kayan da ake Shigowa da Su

Littattafan ƙasashen waje sukan ambaci wasu kaya da ba kowa ke samunsu a nan ba. Akwai fumis, wato dutsen aman wuta mai sauƙi mai yawan ƙofofi. Akwai falayit, wani farin abu marar nauyi da ake samu ta hanyar gasa wani dutsen aman wuta da zafin kimanin digiri 900 har ya kumbura kamar gugguru. Akwai kuma fit, wato ruɓaɓɓen gansakuka da ake haƙowa daga fadamun ƙasashe masu sanyi, da kuma zaren ɓawon kwakwa. Fumis da falayit suna da kyau ga wanda ya same su, sai dai falayit yakan taso sama idan ana ban ruwa saboda rashin nauyi. Shi kuwa fit yana da wani aibi a ƙasa mai zafi, domin idan ya bushe ƙarau ba ya karɓar ruwa da sauƙi, sai ruwan ya bi gefen tukunya ya zube, idan kuma ya jiƙe sai ya daɗe bai bushe ba. Aikin da waɗannan kaya ke yi, marmara da tsingaro da gawayi suna iya yinsa, don haka rashinsu ba zai hana kowa reno ba.

3.5.4 Abubuwan da za a Guje wa

Ɗanyen kashin dabbobi da na kaji yana ƙona saiwa kuma yana jawo ruɓewa. Garin katako yana kiran gara, sannan yayin da yake ruɓewa yakan janye sinadarin naitirojin daga ƙasa. Laka da dabaro da ƙasar shuri suna cushewa. Toka da ɓaraguzan siminti kuwa matsalarsu ta shafi ma'aunin da ake kira pH, wanda ya kama daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya gaza ta yana da tsami, abin da ya haura ta kuma yana da ɗabi'ar kanwa. Galibin waɗannan tsirrai sun fi jin daɗin ƙasar da ke tsakanin 6 da 7. Toka da siminti sukan ɗaga ma'aunin sama, idan kuwa ya hau sosai sai saiwa ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da akwai shi a ƙasar, sabon toho ya riƙa fitowa rawaya.

3.6 Awon Haɗi

Babu awo ɗaya da zai dace da kowane tsiro a kowane gari. Abin da za a kawo a nan shawara ce ta farawa, kuma ana auna kayan ne da mazubi, kamar kwano ko gwangwani, ba da nauyi ba.

(a) Murtsunguwar hamada da tinya da karan masallaci: kwano 3 na kayan dutse, kwano 1 na kayan taki. Waɗannan su ne suka fi saurin ruɓewa.

(b) Kariya da ƙerana da aguwa: kwano 2 na kayan dutse, kwano 1 na kayan taki. Kariya takan sha ruwa sosai a lokacin da take da ganye, amma idan ta zubar da ganye ba ta bukatarsa sai kaɗan.

(c) Zabo da alobera da moda: kwano 1 na kayan dutse, kwano 1 na kayan taki. Moda ko a daji a inuwa ake yawan samunta, kuma ta fi sauran jure ƙasa mai ɗan nauyi.

(d) Murtsunguwar kurmi, kamar Rhipsalis da Schlumbergera ta ƙasar Barazil, waɗanda a kan rassan itatuwa suke rayuwa: su kam sun fi son ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace da gawayi, kuma ba sa son bushewa ƙarau. Wannan ya nuna ba kowace murtsunguwa ce 'yar hamada ba.

A kowane rukuni ya fi kyau kayan dutsen su kasance gauraye, misali rabi marmara ko tsingaro, sauran kuma yashi mai gautsi da ɗan gawayi.

3.7 Gwada Ƙasa Kafin Dashe

Rigakafi ya fi magani. Akwai gwaje-gwaje uku da kowa zai iya yi a gida ba tare da na'ura ba.

Na farko shi ne gwajin dunƙule. A jiƙa haɗin kaɗan, a damƙi cikin hannu a matse, sannan a buɗe hannun. Idan ya wargaje da kansa ko da ɗan taɓawa, to ya yi. Idan kuwa ya tsaya curi kamar fura, sai a ƙara kayan dutse.

Na biyu shi ne gwajin ruwa. A cika tukunyar da haɗin ba tare da tsiro ba, a kwarara ruwa. Ya kamata ruwan ya nutse nan take ya fara fita ta huda, kada ya taru a sama. Daga nan sai a ajiye tukunyar a inda tsiron zai zauna, a soka tsinke har gindi a riƙa zaro shi kullum ana dubawa. Idan aka kwana bakwai tsinken yana fitowa da danshi, to haɗin ya yi nauyi ga wannan wuri.

Na uku shi ne gwajin kwalba, wanda ake yi wa ƙasar gonar da za a sa cikin haɗin. A zuba ƙasar zuwa sulusin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, mai laushin zai biyo baya cikin sa'o'i kaɗan, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu kafin ta kwanta a sama. Idan layin lakar ya yi kauri, sai a nemi wata ƙasar.

3.8 Yanayi da Mazubi

A nan ne ake bukatar hattara da shawarwarin littattafan Turai, domin an rubuta su ne don tsirran da ke cikin ɗaki, inda mai su ne ke ƙayyade ruwan da za su sha. A ƙasar Hausa kuwa galibi a tsakar gida ake ajiye tukwane. Mafi yawan ruwan shekara yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba, kuma a watan Agusta akan jera kwanaki ana ruwa ga lumshi, ƙasa ba ta samun damar bushewa. Da bazara kuma zafi kan haura digiri 40, ƙaramar tukunya ta bushe cikin yini guda. Wanda ya haɗa ƙasarsa yana tunanin bazara zai yi asara a Agusta. Saboda haka damina ce ya kamata ta yanke hukuncin haɗin, domin ƙishirwar rani ana maganinta da ƙarin ban ruwa, amma ruwan da ya riga ya shiga tukunya babu mai iya fitar da shi sai ƙasar da kanta. A wuraren da suka fi samun ruwa, kamar Kaduna da Jos da Abuja, ya kamata a ƙara kayan dutse, ko a janye tukwanen zuwa ƙarƙashin rumfa da damina, a kuma kauce wa bakin indararo.

Mazubi shi ma yana da tasiri. Tukunyar yumɓu ta gargajiya tana fitar da danshi ta jikinta, kamar yadda randa ke yi har ruwanta ya yi sanyi, don haka ƙasa ta fi saurin bushewa a cikinta. Roba da gwangwani ba sa yin haka, baƙar roba kuma takan ɗauki zafin da zai iya dafa saiwa. Kowane irin mazubi aka zaɓa, dole ne ya kasance da huda a gindi, kuma kada ya fi tsiron girma da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe.

Wajen dashe, ana kakkaɓe tsohuwar ƙasar da tsiron ya zo da ita, a yanke ruɓaɓɓiyar saiwa da wuƙa mai tsabta, a bar shi a inuwa kwana biyu ko uku raunin ya bushe. Sannan a dasa shi a busasshen haɗi, kada a binne gindinsa fiye da yadda yake a da, kuma a jinkirta ban ruwa kimanin mako guda. Mai aiki da tinya ko ƙerana ko kariya ya kiyaye ruwan jikinsu, musamman kada ya shiga ido ko baki, kuma a nisanta su daga yara.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna cewa ƙasar da Bahaushe ya sani da kyau a gona ita ce ke halaka tsirrai masu ajiyar ruwa a tukunya, kuma marmara da tsakuwar da yake rainawa su ne suka dace da su. An bayyana yadda saiwarsu take, da dalilin da ke sa ruwa maƙalewa a gindin tukunya, da kayan da za a haɗa da waɗanda za a guje wa. An kuma kawo awon haɗi ga rukuni huɗu, da gwaje-gwaje uku na gida, sannan aka nuna cewa ruwan watan Agusta ne ya kamata mai reno ya sa a gaba idan zai haɗa ƙasa. Duk kayan da ake bukata ana samunsu a kusa, a bakin kogi da wurin maginan tukwane da murhun gida. A babi na gaba za a dubi tsarin ban ruwa da hanyoyin yaɗa waɗannan tsirrai ta reshe da ta iri.